Tuwo Ba Ya Zama Ƙarfi Sai Da Numfashi

A wannan wata muna so mu yi tunani tare da ku a kan abu biyu waɗanda kowannenmu ya ke yi tun ran da aka haife shi, watau ci da numfashi. Mu kan yi godiya a kan tuwo kafin mu sa hannu a kwano, daidai ne kuwa. Amma wa ya taɓa tsayawa ya yi godiya a kan numfashi? Ga shi kuwa mutum ya kan yi makonni ba abinci, ya rayu, in dai yana samun ruwa. Amma in aka hana shi iska minti biyar ko shida, ƙwaƙwalwarsa ta soma lalacewa ke nan.

Ku buɗe Littafin Farawa, sura 2, ku karanta aya ta 7. A nan aka faɗa mana yadda Ubangiji Allah ya gina mutum da turɓayar ƙasa. Siffa ta cika, ga ido, ga kunne, ga hannu, amma yana kwance bai motsa ba sai da Allah ya hura masa numfashi a hanci. Can gaba a aya ta 16 kuma aka ba shi 'ya'yan itatuwan gonar su zama abincinsa. Mun saba karanta waɗannan kamar kyauta biyu ne dabam dabam, ciki da nasa, huhu da nasa. Masu binciken halitta sun nuna mana cewa aikinsu ɗaya ne, a wuri ɗaya kuma su ke haɗuwa. Abin da mu ke so mu bi sawunsa ke nan, gama akwai koyarwa a ciki domin ekklesiyoyinmu.

Bari mu soma da maƙera, inda kowa ya sani. Maƙeri ya tara gawayi mai kyau, ya sa ƙarfe a ciki. Gawayin nan cike ya ke da zafi, amma zafin a ɓoye ya ke. Ko ka ɗauke shi a hannu ba zai ƙone ka ba. Sai yaro ya kama zuga-zugi ya soma hurawa, sa'an nan gawayi ya yi ja, ƙarfe ya yi taushi, a ƙera fartanya. Yaron ya yi gyangyaɗi, wuta ta kwanta, ko da gawayin ya kai buhu goma.

An daɗe kafin mutane su gane cewa haka jikinsu ya ke. Wani Bature a Ingila mai suna Joseph Priestley, wanda mai wa'azi ne (ko da ya ke koyarwarsa a kan Allahntakar Kristi ba ta yi daidai da abin da mu ke riƙe da shi ba), ya lura cewa in aka rufe kyandir mai ci a cikin tulun gilashi, ya kan mutu. In aka rufe ɓera ma, haka. A shekara ta 1771 ya sa reshen na'a-na'a a cikin tulun da kyandir ya ɓata iskarsa, bayan 'yan kwanaki ya tarar iskar ta gyaru, kyandir yana ci a ciki. A 1774 kuma ya ware ainihin sashen iskar da wuta da rai su ke bukata. Wani masani a Faransa, Antoine Lavoisier, shi ya sa mata suna oksijin. Wajen 1783 shi da abokinsa Laplace suka sa ɓeran masar a cikin wani akwati kewaye da ƙanƙara, suka auna ƙanƙarar da ɗumin jikinsa ya narkar, suka auna gurɓatacciyar iskar da ya fitar, sa'an nan suka gwada da na gawayi mai ci. Lissafin ya zo kusan ɗaya. Sai Lavoisier ya ce, ashe numfashi ƙuna ce, sai dai ƙuna a hankali. Mutumin nan bai yi tsawon rai ba, an sare kansa a 1794 cikin hargitsin juyin mulkin ƙasarsu, amma maganarsa tana nan tsaye har yau.

Abu ɗaya ne bai gane daidai ba, muna roƙonku ku riƙe shi, za mu komo kansa. Ya zaci wutar a huhu ta ke ci, a wuri ɗaya, jini kuwa ya ɗebi zafin ya rarraba wa sauran jiki. Sai bayan kusan shekara 90 wani masani Bajamushe, Eduard Pflüger, ya tabbatar cewa ba haka ba ne. Huhu ƙofa ce kawai. Wutar tana ci a cikin naman jiki ko'ina, daga tsakar ka har ɗan yatsan ƙafa.

Ga yadda abin ya ke. Jikin mutum an gina shi da 'yan ƙananan ƙwayoyi waɗanda ido ba ya gani sai da madubin likita. A jikin babban mutum sun kai wajen tiriliyan 30, watau miliyan sau miliyan har sau 30. Kowace ƙwaya kamar gida ta ke, da katangarta, da ƙofofinta, da aikin da aka ba ta. Tuwon dawa da muka ci da dare yawancinsa sitaci ne. Yawu ya kan soma narkar da shi tun a baki, hanji ya ƙarasa, har ya koma wani irin suga da a ke kira gulukos, jini ya ɗauka. Ta ɗaya gefen kuma huhu yana jawo iska, wadda kashi 21 cikin 100 nata oksijin ne, jajayen ƙwayoyin jini su ɗauke shi. Zuciya tana tura su duka biyu, tuwo da numfashi, har ƙofar kowace ƙwaya.

To, a lura: har yanzu mutumin bai sami ƙarfi ba. Ciki ya cika, jini ya cika da suga, amma ko ƙifta ido ba za a yi da wannan ba tukuna. Suga kamar babbar takardar kuɗi ta ke a hannun wanda ya je sayen gishiri da daddawa a kasuwar ƙauye. Kuɗi ne na gaske, amma ba mai karɓa sai an yi canji. Canjin da ƙwayoyin jiki su ke karɓa wani ɗan sinadari ne da masana su ke kira da haruffa uku, ATP, wanda aka gano a 1929. Da shi tsoka ta ke motsi, da shi zuciya ta ke bugawa, da shi ƙwaƙwalwa ta ke tunani, da shi jariri ya ke girma a ciki. Dukan aikin da mu ke magana a kai shi ne mai da suga ya zama wannan canji.

Aikin hawa uku ne. Na fari a tsakar gidan ƙwayar a ke yinsa: a raba sugan biyu, mataki goma bi da bi. Wannan ba ya bukatar iska, amma ribarsa kaɗan ce, ATP 2 tak daga ƙwayar suga guda. Yawancin ƙarfin yana nan kulle cikin gutsattsarin biyu.

Sa'an nan a shigar da gutsattsarin cikin wasu ƙananan ɗakuna da ke cikin ƙwayar, masu suna maitokondiriya. Mu dai bari mu kira su murhu. Wata ƙwaya tana da ɗaruruwa, wata dubbai. Tsokar zuciya, wadda ba ta hutawa dare da rana, cike ta ke da su maƙil. A cikin murhun nan a ke aiki na biyu, wanda Hans Krebs ya gano a 1937. Shi Bayahude ne, likita, wanda aka kora daga aikinsa a Jamus a 1933 lokacin da Hitila ya hau mulki, ya gudu Ingila. A birnin Sheffield ya yi ta gwaji da naman ƙirjin tantabara, domin naman nan yana shan iska ƙwarai, har ya gane cewa aikin zagaye ya ke yi: wani sinadari ya karɓi gutsuren suga, a yi ta sāke shi mataki mataki, a ƙarshe ya komo yadda ya ke da fari, ya karɓi wani. Da ya aika da labarin ga wata babbar mujallar masana, sai suka mayar masa, wai ba su da fili. Shekara 16 bayan haka, a 1953, aka ba shi lambar girma ta Nobel saboda wannan aiki. A cikin zagayen nan ne a ke fige baƙin sinadarin da ke cikin abinci, irin na gawayi, wanda a ke kira kabon, ya fita cikin iskar da mu ke fitarwa. Watau tuwon jiya, wani sashensa ta hanci ya ke fita yau. Mai ƙiba ma in ya rame, yawancin kitsen ta numfashi ya tafi.

Aiki na uku shi ne mai ban mamaki, a nan kuma ribar ta ke. Kun ga yadda mu ke yi ran aikin gayya na ginin ɗakin sujada, mutane su jera, wannan ya miƙa wa wannan tubali, hannu zuwa hannu. Haka a ke miƙa ƙarfin da aka zare daga suga, a jikin bangon murhun, daga wani sinadari zuwa wani. Kowace miƙawa tana tura wasu 'yan mitsi-mitsin abubuwa zuwa bayan bangon, su taru can kamar ruwa a bayan madatsa. Sa'an nan su kwararo su komo ta wata 'yar ƙofa, a cikin ƙofar kuwa akwai inji mai juyawa, kamar yadda ruwan Kwara ya ke juya injunan lantarki a madatsar Kainji. Juyawar injin nan ita ke ƙera ATP. Wani Bature, Peter Mitchell, ya faɗi wannan a 1961, yawancin masana ba su yarda ba, suka yi shekaru suna gardama, sai a 1978 aka ba shi lambar Nobel. A 1997 kuma wasu masana a Japan suka ga ɗan injin yana juyawa da idonsu ta madubi. Sa'ad da ku ke karanta wannan takarda, irin injin nan marasa ƙidayuwa suna juyawa a cikinku. Wanda ya ga wannan ya ce ba Mai Yi, mu dai ba mu san abin da za mu ce masa ba.

Ina oksijin a cikin wannan duka? Shi ne mutumin ƙarshe a layi. Shi ke karɓar tubalin daga hannun na kusa da shi, ya haɗu da shi ya zama ruwa. In babu shi, na kusa da ƙarshe ya rasa wanda zai miƙa wa, na bayansa ma haka, har layin duka ya tsaya cik, madatsa ta ƙafe, inji ya daina juyi. Da iska, ƙwayar suga guda tana ba da ATP wajen 30. Ba iska, 2.

Duk wannan kuwa ana yinsa ba harshen wuta, ba hayaƙi, a ɗumin jiki na awo 37. Da a ce ƙarfin da ke cikin tuwo zai fito gaba ɗaya kamar na ciyawar da aka cinna wa wuta a rani, da ya hallaka mu. Mahalicci ya rarraba shi mataki mataki, daidai abin da ƙwaya za ta iya ɗauka.

Yanzu bari mu juya ga kanmu.

Ba a taɓa yin zamanin da masu bi na ƙasashen Hausa suka sami abinci na ruhu kamar namu ba. Kakanninmu cikin bangaskiya sun jira har 1932 kafin su sami dukan Littafi Mai Tsarki da Hausa, da yawa kuma ba su iya karatu ba, sai wani ya karanta musu a gindin itace. Mu kuwa ga Littafi a gida, ga shi a waya, ga wa'azi a rediyo, ga taron mata, ga taron matasa, ga babban taro na shekara. Rumbu ya cika har yana zuba. Amma ina ƙarfin? Dattawa biyu sun yi shekara uku ba sa gaisawa saboda iyakar gona, kowannensu kuwa ya ji wa'azin gafara ya fi sau hamsin. Yaro ya yi zazzaɓi mai zafi, uwarsa tana cikin ƙungiyar mawaƙa, da dare ta lallaɓa gidan boka. Saurayi ya haddace ayoyi har an ba shi kyauta, ya sami aiki a ofis, wata shida bai cika ba ya soma karɓar na goro. Ba yunwa ce ta kama waɗannan ba. Sun ci, sun ƙoshi. Tuwon ne bai zama ƙarfi ba.

Ubangijinmu ya kira kansa gurasa a Yohanna sura 6, ya kuma nuna tun a jeji, sa'ad da Shaiɗan ya jarabce shi, cewa maganar Allah abinci ce. Amma ku duba abin da ya yi da almajiransa. Shekara uku suna ci daga bakinsa, ba wanda ya taɓa samun malami irin nasu. Duk da haka, bayan tashinsa, a Yohanna 20:22, sai da ya hura musu numfashi, ya ce su karɓi Ruhu Mai Tsarki. Ya kuma umarce su kada su bar Urushalima su soma aiki sai iko ya sauko musu. A harshen Ibrananci kalma ɗaya ce, ruwak, ta ke nufin iska, da numfashi, da ruhu. 'Yar'uwar kalmarmu ce ta ruhu, wadda muka samo daga Larabci. A Helenanci ma kalma ɗaya ce ta ɗauki ma'anonin nan uku. Kada dai wani ya ruɗe: ba mu ce Ruhu Mai Tsarki iska ne irin wadda a ke aunawa a asibiti ba, balle iskokin da 'yan bori su ke yi wa hidima. Shi Allah ne, yana magana, yana koyarwa, ana kuma iya ɓata masa rai. Misali mu ke yi, kowane misali kuwa yana da inda ya tsaya. Amma Littafi da kansa ne ya ba mu wannan misali, ba mu muka ƙaga ba.

Annabi Ezekiyel ya gan shi a sura 37. An kai shi kwari cike da busassun ƙasusuwa, aka ce ya yi musu wa'azi. Ya yi, wa'azin kuwa ya yi aiki: ƙashi ya nemi ɗan'uwansa, jijiya ta fito, nama ya rufe, fata ta lulluɓe. In a yau ne, da mun rubuta rahoto mu aika wa hedkwata, mu ce an sami babban ci gaba. Amma gawawwaki ne, kyawawa, jere. Sai da aka ce ya sāke yin kira, wannan karo ga numfashi, sa'an nan suka miƙe tsaye. Muna tsoron kada wasu ekklesiyoyinmu su tsaya a aya ta 8, da kwamiti, da littafin rajista, da rufin kwano sabo.

Yanzu ku tuna da abin da muka ce ku riƙe, kuskuren Lavoisier. Ya zaci wuta a wuri ɗaya ta ke ci, sauran jiki kuwa karɓar ɗumi kawai ya ke yi. Da yawa cikinmu haka mu ke zato game da ekklesiya. Fasto shi ne huhu, shi zai yi addu'a, shi zai yi azumi, shi zai yi nazari, mu kuwa mu zo ran Lahadi mu ji ɗumi mu koma gida. In ekklesiya ta yi sanyi, sai a ce a canja fasto. Jiki bai yarda da wannan ba. Huhu ba ya iya ƙera ATP ya aika wa ƙafa. Jini yana kawo suga, yana kawo iska, amma ba ya rarraba canjin nan gida gida. Kowace ƙwaya ita ke hura murhunta. Ƙwayar da ke maƙwabtaka da zuciya ma ba a ɗauke mata wannan ba. Haka matar fasto, haka ɗan dattijo, haka mai wa'azi da kansa. Za mu iya kawo muku Magana har ƙofa, za mu iya yin roƙo dominku, muna kuwa yi. Amma ɗaukar ayar da aka ji, a shiga ɗaki da ita, a durƙusa a ce, ya Ubangiji, ga abin da ka faɗa, ga kuma halina, ka sa wannan ya ci wancan, har mutum ya tashi ya tafi gidan wanda ba sa gaisawa, wannan ba mai yi wa wani.

Akwai wata magana a nan domin mu ma'aikata, fastoci da masu bishara da malaman makarantar Lahadi. Jajayen ƙwayoyin jini, waɗanda su ke dakon oksijin zuwa ko'ina, su kansu ba su da murhun nan ko ɗaya. Suna ɗauke da iskar rai dare da rana, ba sa amfani da ita. Da ɗan ƙarfin hawa na fari su ke rayuwa, bayan kwana wajen 120 kuma a kawar da su. A jiki wannan hikima ce, domin kada ɗan dako ya cinye kayan. A ekklesiya kuwa masifa ce. Mutum yana iya buɗe Littafi kullum domin ya sami abin da zai faɗa wa waɗansu, shekara goma, bai buɗe shi sau ɗaya domin ransa ba.

Ga kuma wani abu da zai faranta wa iyayenmu mata rai. Murhun nan da ke cikin ƙwayoyinmu, daga wajen uwa kaɗai a ke gadonsa. Na uba ba ya wucewa zuwa ga 'ya'ya. Bangaskiya dai ba a gadonta ta jini, amma ba mu iya karanta wannan ba tare da mun tuna da Timoti ba, wanda Bulus ya ce bangaskiyarsa ta fara zama cikin kakarsa Loyis da uwarsa Afiniki. Yawancinmu a bakin murhun uwa muka fara jin sunan Yesu.

Wani zai ce, to, na ji, zan yi addu'a sosai a taron sabuwar shekara, in tara abin da zai kai ni har damina. Jiki ya ƙi wannan ma. Yana ajiyar abinci: hanta tana riƙe da sugan da zai kai wajen yini guda, kitse kuma na makonni. Amma ATP ba ya ajiyuwa. Wanda ke cikin tsoka, in mutum ya zura da gudu, na 'yan daƙiƙu ne kawai. Dukan wanda ke jikin mutum a lokaci guda bai kai rabin kilo ba, amma a yini ɗaya jiki yana ƙera abin da ya kai kusan nauyin mutumin kansa, ana kashewa ana sabuntawa, ba tsayawa. Shi ya sa mu ke numfashi wajen sau 20,000 a yini, har cikin barci. Ba wanda ya taɓa cewa, na yi numfashi da yawa ran Lahadi, bari in huta sai Laraba. Isra'ilawa sun koyi wannan a jeji da manna, Fitowa sura 16: wanda ya ɓoye ta gobe, in ba ta Asabar ba, ya tarar ta yi tsutsa. Ayoyin da muka haddace ajiya ce mai kyau, kamar hatsi a rumbu, a ƙara tarawa. Ikon yin biyayya da su kuwa na yau ne, gobe sai a sāke roƙo.

Me ke faruwa in aiki ya fi numfashi? Mai gudun tsere, ko wanda kare ya biyo, tsokarsa tana neman ƙarfi fiye da yadda iska ke isowa, sai ta dogara ga hawa na fari, mai riba 2. Yana da sauri, yana kuwa ceton rai, amma ba ya daɗewa. Ba da jimawa ba mutum ya tsaya, ya dafa gwiwa, yana haki. Yisti ma, wanda a ke sa wa ƙullin burodi, haka ya ke rayuwa in ba iska, kamar yadda Louis Pasteur ya nuna a Faransa wajen 1860: ya cinye suga mai yawa, ya sami ƙarfi kaɗan, abin da ya bari kuwa kumfa ne da barasa, irin abin da ke sa burukutu maye. Akwai hidima irin wannan, mai kumburi da kumfa. Bitrus ya gwada ta a daren da aka ba da Ubangiji, Markus sura 14. Ya ci jibin, ya yi alkawari mai zafi cewa ko duka sun gudu shi ba zai gudu ba. A Gatsemani aka ce ya yi tsaro da addu'a, ya yi barci har sau uku. Da maƙiya suka zo, ƙarfin gaggawa ya taso, ya zare takobi. Kafin zakara ya yi cara ƙarfin ya ƙare, wata baiwa ta tambaye shi, ya yi musu. Bayan Fentikos, Bitrus ɗin nan ne ya tsaya gaban majalisar da ta hukunta Ubangijinsa, bai ja da baya ba. Koyarwar da ke kansa ba ta ƙaru sosai cikin kwana hamsin ɗin nan ba.

Sauran magana ɗaya, ita kuwa ta shafi jiki da ruhu duka, muna roƙo a karanta ta da kyau. Akwai abubuwan da ke kashe wutar nan alhali ga abinci ga iska. Rogo mai ɗaci yana da dafi mai suna sayanayid, wanda ya ke kama mutumin kusa da ƙarshe a layin nan, ya hana shi miƙa wa oksijin. Jini cike da iska, ƙwayoyi kuwa suna mutuwa da rashinta. Shi ya sa ba a cin irin wannan rogo sai an fere, an jiƙa kwanaki, an shanya ko an soya sosai, kome yunwa. Wanda ya fi yi mana ɓarna kuwa shi ne iskar gawayi. In gawayi yana ci a ɗakin da aka rufe, ko janareta yana aiki a cikin gida ko a bakin taga, su kan fitar da wata iska mai suna kabon monoksaid. Ba ta da launi, ba ta da wari. Jini yana kama ta fiye da yadda ya ke kama oksijin sau 200 da ɗoriya, sai 'yan dakon nan su cika da ita, su isa ƙofar ƙwaya hannu wofi. Mutum ba ya jin an shaƙe shi. Kansa ya yi ciwo, jiri ya ɗebe shi, jiki ya mutu, barci mai daɗi ya zo. Gida guda ya kan kwanta haka, da safe a fasa ƙofa.

Zunubin da a ke ɓoyewa haka ya ke aiki. Ba ya hana mutum zuwa sujada, ba ya hana shi waƙa, ba ya ɗauke Littafi daga hannunsa. Wurin da Ruhu zai zauna ya ke tarewa, a hankali, cikin ɗumi, ƙofa a rufe. Riƙo ne, ko kuɗin baiko da aka taɓa da niyyar mayarwa, ko wata hira a waya wadda ba a so matar gida ta gani. Alamarsa ta fari ita ce addu'a ta yi nauyi, mutum ya ce gajiya ce. Wanda iskar gawayi ta kama ba ya iya fitar da kansa, sai wani ya buɗe ƙofa ya jawo shi. Domin wannan ne Yaƙub ya ce mu riƙa faɗa wa juna laifofinmu, muna yi wa juna addu'a, Bulus kuma ya ce wa Galatiyawa su komo da wanda ya faɗi cikin tawali'u. In ka lura ɗan'uwanka ya yi shiru, ya janye, kada ka ce ba ruwanka. Ƙwanƙwasa.

Muna roƙon dattawan kowace ekklesiya su yi sanarwar nan daga bagade kafin ɗari ya shigo, su kuma maimaita a taron mata: kada a kwana da kaskon gawayi a ɗaki rufe, ko da mai jego ce, ko da tsoho ne mai jin sanyi. A ɗumama ɗakin, a fitar da kaskon, sa'an nan a rufe ƙofa. Janareta a waje ya ke zama, nesa da taga. In an tarar da mutane sun galabaita a irin wannan ɗaki, a buɗe ƙofa da taga nan da nan, a fitar da su sarari, a kai su asibiti ko da sun farfaɗo sun ce sun warke. A taron addu'a na Laraba mai zuwa kuma, a karanta Ezekiyel 37 daga aya ta 1 zuwa ta 14, mai jagora ya taƙaita bayaninsa, a bar lokaci domin kowa ya yi roƙo da bakinsa, har da waɗanda ba su taɓa yi a gaban jama'a ba.